Frez da Attarugu, Babu Gishiri

Shekarar da lokotoro ya hana Inna gishiri ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Mu biyu ne a gidanmu na unguwar Zariya a Maradi, sai Gwaggo da ta taso daga Tibiri ta zo jinya. Baba ya daɗe da rasuwa, yayyena maza kuwa suna can Yamai da Kano wajen neman na kansu, waya kaɗai ke haɗa mu. Ni ce auta, kuma da haka Inna ke kirana har na girma.

Ciwon zuciya ne. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, in ta taka daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta dafa bango tana mayar da numfashi. Lokotoro ya rubuta magunguna, sannan ya dube ni, da yake ni ce mai jin Faransanci, ya yi mini bayanin rejim ɗin da za ta bi: babu gishiri, babu dunƙulen miya, babu kanwa. Na fassara mata a hankali, kalma bayan kalma. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "To, Allah ya sa mu dace."

Inna mace ce mai hannun miya. Tun ina ƙarama nake kallon yadda take ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta lumshe ido kamar mai sauraron magana daga nesa, sannan ta ƙara gishiri da bakin yatsu. In ana suna ko walima a unguwa, ita ake aikowa ta je ta ɗanɗana tukunya. Irin wannan matar aka ce ta koma cin abinci lami.

Da farko ta daure. Daga baya sai ta riƙa tsakurar loma ɗaya ta ture kwanon da bayan hannu.

"Matarmu, buɗe baki," in ji Gwaggo. Gwaggo ƙanwar Baba ce, tun ranar da aka kawo Inna gidan take kiranta matarmu, kuma tsokanar da ke tsakaninsu ko gidan makoki ba ya hana ta.

"Ci ke, tunda ke kika dafa."

"Na ci nawa da gishirina. Wanga naki ne, na 'yan gatan lokotoro."

"Ko tunkiya ana ajiye mata kanwa ta lasa. Ni ban kai tunkiya ba ke nan."

"Tunkiya ƙafarta ba ta kumbura ba."

Sai su yi dariya, kwanon kuma ya koma madafa yadda ya fito.

Da muka koma asibiti aka ɗora ta a sikeli, lokotoro bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ya ce magungunan nan ba sa zama a cikin da babu komai, in ta ci gaba da ƙin abinci to dole ya kwantar da ita, a riƙa yi mata ƙarin ruwa. A cikin adaidaita, muna hanyar gida, Inna ta kama hannuna ta matse. Hannun ya yi sanyi, zoben da ta daɗe da shi yana yawo a yatsa.

"Auta, kada ki bari su kwantar da ni can. Gadon nan na san shi."

A can Baba ya cika, ita ce ta yi jinyarsa. Na ce mata ba zan bari ba, alhali ban san da me zan hana ba.

Babu abin da ban gwada ba. Na matsa lemun tsami a miya, na daka citta da tafarnuwa, na jiƙa tsamiya, na yi miyar yakuwa har tsaminta ya kama haƙora. Takan taɓa don kada in ji ciwo, ta ce, "Allah ya yi miki albarka," shi ke nan. Kullum da safe in na shiga gaishe ta sai in ga kamar an rage ta cikin dare, kamar sabulun da aka manta a ruwa.

Ana tsakiyar sanyi Kawu ya zo. Ƙanen Inna ne, yana noman rani a Jiratawa. Ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya sauke damin zogala kamar yadda ya saba, sannan ya ciro wani ɗan kwano daga cikin rigarsa, an rufe shi da ganye. Ya miƙo mini yana murmushin jin kunya.

"Buɗe ki gani, ke ce 'yar lakwal. Frez ake ce mishi. Wani abokina ya kawo mini iri daga Yamai, na sa a fangali kaɗan bayan zogala. Maƙwabtan gona sun ce na bar albasa na koma noman kwalliya."

Na san kalmar a Faransanci tun ina ƙaramar makaranta, farkon shigata lakwal. Na iya rubuta ta, na iya furta ta, na sha shafa wa hotonsa jar kala a littafin zane, amma ban taɓa riƙe abin a hannuna ba. Ga shi nan jajir, jikinsa da ɗige-ɗige kamar an yi masa ado da allura, kowane da ɗan koren ganye a ka. Ƙamshinsa kuwa ban san da me zan kwatanta shi ba. Ya fi kama da abin da mutum ya ji a mafarki ya farka yana nema.

Inna tana barci a lokacin. Na ɗora kwanon a kan randa don ya sha sanyi, na tafi Sabon Gari neman wani magani da ya ƙare a farmasin unguwarmu. Duk hanya ina shirya yadda zan yi. Zan raba kowane biyu, in barbaɗa sukari, in zuba madara, in kai mata cikin kofin gilashin nan da ba a fitowa da shi sai an yi baƙi. Ina ganinta a raina ta tashi zaune, hasken taga a fuskarta, tana ci tana tambayata sunansa.

Da na dawo, warin albasa ne ya tare ni tun daga zaure. Gwaggo tana zaune bakin madafa da faranti a cinya. Ta turara wa Inna dambu, ta kuma yanka abin da za a zuba a kai. Idon Gwaggo ya daɗe da rauni, an saya mata tabarau ta ce ba ta mutu ba da za a sa mata gilashi a fuska.

"Gwaggo, ina abin da ke kan randa?"

"Tumatirin kawunki? Ga shi na yanka. Ki hwaɗa mishi irin nan bai yi ba. Duk ƙuraje, ga laushi kamar ya kwana cikin ruwa. Ƙamshi dai ban hana shi ba."

"Ba tumatir ba ne."

"To mi ne ne? Ja ne, daga Jiratawa ya hito, ga hular ganye a kansa."

Na leƙa farantin. Frez ɗina duka, an yayyanka shi, ya cakuɗe da albasa da jan attarugu, an matsa masa lemun tsami. Na zauna a kan turmi, hawaye suka zo ba tare da na kira su ba. Ba don frez kaɗai ba ne. Na daɗe ina riƙe da kukan nan, ina neman inda zan ajiye shi.

Gwaggo ta dube ni, ta dubi farantin, ta ɗauki yanka ɗaya ta kai baki. Ta tauna a hankali.

"Ikon Allah. Zaƙi gare shi. Ke ɗiyar ga, mi ya hana ki hwaɗi kahin ki hita?" Ta ɗaga farantin. "Zubarwa za a yi?"

Kafin in ba ta amsa muka ji muryar Inna daga ɗaki.

"Me ake yankawa ne haka da ƙamshi?"

Rabon da ta tambayi abin da ake yi a madafa har na manta. Gwaggo ta miƙe da farantin, na bi ta ina share fuska da gefen hijabi. Inna ta sa aka tayar da ita zaune. Ta ɗebi ruwan da ya taru a gefen farantin, wanda ya yi ja-ja, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta lumshe ido. Muka tsaya muna jira kamar masu jiran hukunci.

"An yi wa lemun tsami rowa," in ji ta. "Albasar ta yi yawa, kuma ba a wanke ta ba. Aikin 'yan Tibiri ne wannan."

"Ji ta. Attarugun fa?"

"Shi ya yi daidai."

"Gishiri fa, matarmu? Ba ki yi kukansa ba yau."

Inna ta sake lasa. Ta ce, "Zaƙi da yaji suna kokawa, bakina ya tsaya kallo har ya manta da shi. Kawo dambun."

Ta ci. Ba da yawa ba, amma ta ci har ana ganin gurbin hannunta a kwano, ta kuma nemi ruwa da kanta. Na fita tsakar gida na tsaya ƙarƙashin itacen bedi ina kallon sama, ban san abin da zan ce wa Allah ba banda godiya.

Daga ranar aikin ya dawo hannuna, Inna kuwa ta zama malama. Akan shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa inda rana ke sauka da hantsi, in zauna kusa da ita da wuƙa da faranti. Ta hana ni jiƙa frez a ruwa, ta ce a ɗauraye shi kawai kamar fuskar jariri. A cire masa hula, a yanka shi ƙanana kamar ƙwayar wake. Albasa kaɗan, a yanka ta siriri, a wanke da ruwan lemun tsami don kaifinta ya kwanta. Attarugu a cire masa 'ya'ya, a yanka da wuƙa, kada a kai shi turmi, don in aka daka shi sai ya mallake kwanon duka, ba a jin muryar kowa sai tasa. Ita ce ta ce a tsinko na'a-na'a daga tukunyar da ke bayan ɗaki a yayyaga da hannu. In frez ɗin ya zo da tsami, a ɗiga zuma. Daga nan a rufe, a je a yi sallar azahar, kafin a shafa addu'a ya tsatso ruwansa, kowa ya san maƙwabcinsa.

Muka riƙa zuba shi a kan dambu, a kan farar shinkafa, a kan kifin da aka turara, wani lokaci da gasasshen dankali. Sunansa a gidanmu haɗin Gwaggo. Wata rana ina duba waya na ga ashe a wasu ƙasashe masu nisa ana yin irinsa, har suna da sunan da suke kiransa. Na nuna wa Gwaggo hoton. Ta kai wayar kusa da hancinta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Halan su ma idonsu ba ya gani."

Ranakun da babu lakwal nakan tafi Jiratawa da kaina. Ina son hanyar nan, yadda gari ke ƙarewa a hankali, sai kore ya buɗe, ruwa yana gudu a ƙananan hanyoyinsa tsakanin fangali, mata suna tsinkar zogala suna hira da ƙarfi daga wannan gona zuwa waccan. Kawu yakan durƙusa ya ɗaga ganye a hankali, kamar mai duba kaza a kan ƙwai, ya nuna mini waɗanda suka nuna. Bai ƙara sayar da ko ɗaya ba tun da ya ji yayarsa tana ci.

"Rana ce maƙiyinsa," ya ce mini wata rana, yana kafa masa rumfar kara. "Abin sanyi ne. In zafi ya shigo, sai dai baɗi."

Tun daga nan na fara tsoron safiya mai ɗumi. Ni da nake ƙorafin sanyi kowace shekara, sai ga ni ina jin daɗi in ruwan alwala ya cije ni a hannu.

Da muka koma asibiti, sikeli ya ɗan motsa. Lokotoro ya ce to, a ci gaba da abin da ake yi, maganar kwanciya a ajiye ta tukuna. Inna ta dube ni ta gefen ido. A hanya ta sa muka tsaya ta sayi sabon kallabi.

Amma zafi ya shigo yadda ya saba. Mutane suka fara fito da katifu tsakar gida, mangwaro ya cika kasuwa. Abin da nake samowa daga Jiratawa ya riƙa raguwa, 'ya'yan suna ƙanƙancewa, wasu rana ta dafa gefensu tun suna jikin uwa. Kumburin Inna kuma, da ci da rashin ci, ya ci gaba da hawa. Ya wuce gwiwa. Ta daina iya kwanciya miƙe, sai a tara mata matasai ta yi barci a zaune. Masu zuwa dubiya su ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi," su ce Allah ya ƙara, su fita zaure su yi ƙasa da murya. Na gwada haɗin da mangwaro, na gwada da kankana. Ta taɓa ta ce, "Ba laifi." Wanda ya san Inna ya san abin da ba laifi ke nufi a bakinta. Kwano ya koma fita yadda ya shiga, ni kuma na koma jin tsoron ranar asibiti.

Ranar ta zo. Lokotoro ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, gaba da baya, ya danna ƙafarta da yatsa, gurbin ya ƙi cikowa. Ya sa aka fita da ita ta zauna a benci ta sha iska. Duk zuwan da muke yi, ni yake yi wa magana, da Faransanci. Ran nan sai ya juya wajen Gwaggo, ya yi Hausa.

"Hajiya, ku koma gida da ita. Ku ba ta duk abin da ranta yake so."

Na yi saurin tambaya, "Ba za a kwantar da ita ba?"

"A'a."

"Har gishiri za ta iya ci?"

Ya dube ni ya ce, "Har gishiri."

Murna na yi. A cikin adaidaita ina ta lissafa miyar kuka da daddawa, da tuwon da zan tuƙa mai laushi, har ina jin kamar in rera waƙa. Gwaggo, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana kallon titi. Da muka iso gida muka zaunar da Inna, sai Gwaggo ta ce in kira mata babban yayana, ta karɓi wayata, ta zaga bayan madafa. Na bi ta da nufin ɗauko tukunya, na ji tana cewa, "In kuna da abin yi ku aje shi. Ka hwaɗa ma ƙanenka, ku taho ku ga uwarku."

Na tsaya da tukunyar a hannu. Maganar lokotoro ta sake dawo mini, ita ce dai, kalmominta ba su canja ba. Na daɗe a tsaye kafin na ajiye tukunyar a inda na ɗauke ta.

Na kira Kawu. Ya ce frez ya ƙare, amma bari ya duba. Washegari da hantsi ya iso, gumi ya jiƙa masa riga. Ya bi fangalin ganye bayan ganye, abin da ya samu bai cika tafin hannu ba, ƙanana, wasu sun yi duhu. Ya shiga ya gaida yayarsa, ya fito ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwa.

Na yi haɗin yadda ta koya mini. Na wanke albasa, na cire wa attarugu 'ya'ya, na ɗiga zuma don na san wannan zai yi tsami. Na rufe, na yi azahar. Da na kai mata tare da ɗan dambu, Gwaggo ta biyo ni da gishiri a murfin kwano, ta ajiye a gaban Inna.

"Matarmu, ga tsohon abokinki ya zo gaishe ki."

Inna ta dubi gishirin. Ta dubi Gwaggo, sannan ta dube ni. Ban iya riƙe idonta ba.

"Lokotoro ne ya ce?"

"Shi ya ce," in ji Gwaggo.

"To." Ta gyara zama a jikin matasanta. "To, madalla."

Ta miƙa hannu ta taɓa gishirin, ta ɗora a harshe. Ta yamutsa fuska.

"Ashe haka yake da kaifi. Duk kukan da na yi a kansa." Ta ture murfin gefe. "Auta, kada ki sa a wannan, zai kashe zaƙin. Matso da shi."

Ta ci a hankali, tana hutawa tsakanin loma da loma, tana mayar da numfashi. Gwaggo tana yi mata fifita, tana cewa 'yan Maradi dai ba a iya musu, a hana su su yi kuka, a ba su su yi yanga. Inna ta yi murmushi da abinci a baki. Da ta kusa gamawa ta tsaya ta ce, "Bai ce a kwantar da ni ba?"

"Bai ce ba, Inna."

"Alhamdu lillahi. Ki cinye sauran, kada ya lalace."

Na fita da farantin, na zauna bakin madafa na cinye. Attarugun ya yi zafi ran nan, ko kuwa ni ce bakina ya yi laushi.

Yayyena suka iso, gida ya cika da takalma a bakin ƙofa. Bayan haka ba ta ƙara cin abin kirki ba, sai kunu da cokali, sai ruwa. Babu wanda ya sake yi mata maganar asibiti. Ta cika wata safiya kafin ruwan farko ya sauka, a ɗakinta, a jingine da matasanta, ƙofa a buɗe don ta ce tana son ganin tsakar gida. Gwaggo tana riƙe da kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada, ni kuma ina zaune wajen ƙafafunta, ina matsa su kamar yadda na saba, ban daina ba sai da Gwaggo ta ɗora hannunta a kan nawa.